Dusar Ƙanƙarar Afrilu: Inda Take Kwana, Da Inda Take Narkewa Kafin Azahar

Ranar Alhamis, 17 ga Afrilun 2025, saura kwana uku bikin Ista, masu yawon hutu a garin Tignes da ke tsaunukan Alps na Faransa suka wayi gari da umarnin hukuma: kowa ya zauna a ɗaki. Sun taho ne da baƙin tabarau da man kariyar rana, suna sa ran shan hantsi a bakin dutse, sai ga dusar ƙanƙara ta kwana tana zuba har ta haura mita guda, ta binne motoci, ta toshe ƙofofi. A can Suwizalan kuma garin Zermatt ya yanke da sauran duniya, ba jirgin ƙasa, ba hanya, wuta ma ta ɗauke. Shekara biyu da 'yan watanni kafin nan, a ranar farko ta 2023, tsakiyar hunturu ke nan, zafi ya kai digiri 20 a arewa maso yammacin Suwizalan ɗin, tashoshin wasan zamiya a kan dusa da dama na ƙananan tuddai suka rufe, waɗanda suka dage kuma ba abin da suke nuna wa baƙi sai wani siririn farin layi da inji ya shimfiɗa a tsakiyar koriyar ciyawa.

Wanda ya haɗa waɗannan ranaku biyu ya san kalanda ba ta da alƙawari a wannan harka. Duk da haka, mai son zuwa wasan zamiya a ƙarshen kakar wasan ba caca kaɗai yake yi ba. Akwai abubuwan da ba sa canzawa daga shekara zuwa shekara, kuma su ne ake dubawa kafin a biya kuɗin ɗaki.

Lokacin da muke magana a kai shi ne daga tsakiyar Maris zuwa farkon Mayu, daidai watannin da bazara ke gasa mu a nan gida. A Turai kuwa lokacin fitowa ne daga sanyi. A ƙarshen Disamba yinin Alps kusan awa takwas da rabi ne kawai, rana ba ta yin sama sosai, yatsu suna daskarewa a cikin safar hannu. A tsakiyar Afrilu yini ya haura awa goma sha uku, mutum yana iya cire babbar riga ya ci abinci a waje. Layin jiran motocin igiya masu hawa da mutane kan dutse ya ragu, farashin masauki ya sauko, in ban da makon Ista da hutun 'yan makaranta. Ita kuma Ista ba ta da tsayayyiyar rana: tana faɗowa ne tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A 2024 ta zo ranar 31 ga Maris, a 2025 ta kai 20 ga Afrilu. Makonni ukun nan da ke tsakani su ne bambancin tashar da ke cike da dusa da wadda ta koma makiyayar shanu.

Tudu ake nema, ba fadama ba

Manomin rani yana gangarawa fadama ne don can danshi yake daɗewa. Mai neman dusar bazara akasin haka yake yi, sama yake hawa. Duk mita 1,000 da aka hau, zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5. A ɗauki gari biyu a gwada. Kitzbühel ta Ostiriya, mai suna da tarihi, inda ake gasar gangarawa mafi hatsari a duk watan Janairu, tana kan mita 760 ne daga doron teku. Val Thorens ta Faransa tana kan mita 2,300, ita ce tashar zamiya mafi tudu a Turai idan wurin kwana ake magana. Tazarar ta kai digiri 10. Ranar da ruwan sama ke dukan rufin kwano a Kitzbühel, dusa ce take sauka a Val Thorens.

Don mai karatu ya ji nauyin waɗannan alkaluma: Jos tana kan kimanin mita 1,200, shi kuma Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Wato mai kwana a Val Thorens kusan a kan ƙololuwar Najeriya ya shimfiɗa katifarsa, kuma daga nan ne ma zai fara hawa, har zuwa Cime Caron mai kusan mita 3,200.

Masana harkar a Suwizalan suna da wani ma'auni da suka daɗe suna aiki da shi: tasha ba ta zama abin dogaro sai in tana samun dusa mai kaurin santimita 30 na tsawon kwana 100 a shekara bakwai cikin goma. A da, tashar da ke kan mita 1,200 tana cika wannan sharaɗi. Lissafinsu kuma ya nuna duk ƙarin ɗumamar digiri ɗaya yana ɗaga wannan iyaka da kusan mita 150. Wannan na tsakiyar hunturu ne. Wanda zai je a Afrilu sai ya ƙara tsani: ya nemi inda yawancin layukan zamiyar suke sama da mita 2,000.

Kalmar "yawancin" ita ce inda gizo ke saƙar. Kowace tasha tana tallata ƙololuwarta ne. Za ka ga an rubuta mita 3,000 da manyan baƙaƙe, ka je ka tarar layi ɗaya tak ne ya kai can, motar igiya ɗaya ce ke kai mutane, duk garin kuma ya yi dafifi a bakinta tun da safe. Haka ma rahoton kaurin dusa da suke fitarwa kullum, lamba biyu ne: ta sama da ta ƙasa. Ta sama, mita biyu ko uku, ita ake lanƙwasa wa makirufo. Ta ƙasa ita ce gaskiyar yadda za ka koma masauki da yamma, ko a kan katakon zamiyarka, ko ka saɓa shi a kafaɗa kana taka taɓo. Mai wayo ba ya tsayawa kan kauri ma. Yana duba layuka nawa ne a buɗe cikin nawa, sannan ya buɗe kyamarorin da tashoshin suka kafa a intanet ya kalli gindin dutsen da ƙarfe uku na rana. Gani ya kori ji.

Tashoshin da suka ci wannan jarrabawa a Alps ba su da yawa, kuma sunayensu ba sa canzawa. Val Thorens da Tignes, mai unguwanni a kan mita 2,100, sukan kai farkon Mayu, haka maƙwabciyar Tignes, wato Val d'Isère. A Ostiriya akwai Obergurgl a kan mita 1,930, da Ischgl, wadda garinta bai kai mita 1,400 ba amma filin wasanta yana can sama, kuma takan rufe kaka da gagarumin bikin kiɗa a kan dutse, al'adar da ta faro da Elton John a 1995. A Suwizalan akwai Saas-Fee da Zermatt, inda motar igiya ke kai mutum mita 3,883 a kan Klein Matterhorn. Ta bayan dutsen, ɓangaren Italiya, Cervinia ce a kan mita 2,050, mai dogayen layuka masu sauƙin gangara, abinci da ɗaki kuma sun fi na Zermatt rangwame.

Kada a ɗauka tudu ba shi da nasa haraji. Sama da mita 2,000 itatuwa sun ƙare. Ranar da gajimare ya sauko, sama fara, ƙasa fara, mutum ba ya bambance tudu da kwari, har jiri yakan kwashe shi yana tsaye. Iska in ta taso, motocin igiya na sama ake fara rufewa. Wanda ya taso daga Kano ko Maraɗi ya kwana a mita 2,300 a daren farko, kada ya yi mamakin ciwon kai da yankewar barci. Kuma a faɗi gaskiya, garuruwan nan na sama, irin su Tignes da Val Thorens, yawancinsu tulin benayen siminti ne da aka gina a shekarun 1960 da 1970 don kwasar baƙi. Wanda ke son ƙauyen katako irin na hoton kalanda, a kwari zai same shi, a kwarin kuma dusa ta riga ta yi sallama.

Fuskar dutse

Abu na biyu shi ne wanda taswirar talla ba ta cika nunawa ba: ina gangaren yake kallo? A Disamba rana ba ta haura digiri 20 da kaɗan daga doron ƙasa ko da tsakar rana, a kaikaice take lasar dutse. A tsakiyar Afrilu ta wuce digiri 50, dukan kai take yi. Gangaren da ke fuskantar kudu shi ke shan wannan duka yini guda, mai fuskantar arewa kuwa yana cikin inuwar kansa. Duk wanda ya taɓa zaɓar gefen katangar da zai shimfiɗa tabarma a watan Afrilu ya san wannan ilmi. Shi ya sa a kwari ɗaya, a tudu ɗaya, za ka ga gefe guda fari fat, ɗaya gefen furanni sun fara leƙowa.

Alpe d'Huez misali ce mai kyau. Tana da ƙololuwar mita 3,330 da layin Sarenne mai tsawon kilomita 16, tana kuma alfahari da yawan ranakun hasken rana. A Janairu wannan ni'ima ce. A Afrilu ranar da take taƙama da ita ce ke cinye mata jari, don yawancin gangarenta kudu suke kallo. Shi kuwa Grands Montets da ke kwarin Chamonix arewa ya ba wa fuska, dusarsa takan zauna bushe ana cikin bazara.

Dare shi ne mai gyara

A ganina, a nan ne asirin harkar yake, kuma shi ne abin da sabon shiga ya fi jahilta. Dusar bazara ba abu ɗaya ba ce da za a ce tana da kyau ko ba ta da kyau. Tana sauya hali kusan sau uku a yini.

Da rana samanta yana narkewa, ruwa ya ratsa ciki. Da dare in sama ta yi garau, zafi ya tsere, sai ta sake daskarewa. Mun san wannan a daren hunturu, yadda sanyi ya fi cizo in taurari sun fito tar. Da sassafe layin yana da tauri kamar ƙanzon da ya kwana a tukunya, katako yana ƙara a kai, gwiwa tana karkarwa, faɗuwa kuma ba daɗi. Wajen hantsi sai saman ya saki kaɗan, kaurin ɗan yatsa ko biyu, ya zama ƙwayoyi-ƙwayoyi kamar tsakin masara a kan ƙasa mai ƙarfi. Masu jin Jamusanci suna ce masa Firn, Amurkawa kuma sun raɗa masa sunan masara saboda wannan kamannin. Wannan shi ne abin da masoya bazara suke tsallako teku dominsa: santsi ba tare da zullumi ba, katako yana juyawa yadda aka so, ko ɗan koyo sai ya ji kamar ya iya. Ba ya wuce awa biyu ko uku a kowane gangare. Bayan azahar, musamman a ƙasa-ƙasa, komai ya koma kunu: nauyi, jiƙa, tarin curi-curi da masu wucewa suka tattara, katako yana maƙalewa. A wannan lokacin ne ƙafa ta gaji, kuma a nan ne gwiwoyi suka fi gurɗewa.

Saboda haka gwanaye rana suke bi, kamar yadda mai shanya ke jan tabarma. Su fara da gangaren gabas, wanda hantsi ya fara sassautawa, su koma na kudu, sannan na yamma, su ajiye na arewa da na can ƙololuwa zuwa ƙarshe. Da yawa kuma ƙarfe biyu ya yi sun tattara, sun zauna shan shayi. Tashar da ke da gangare ta kowace fuska ta fi wadda ke da yawan kilomita a fuska ɗaya.

Duk wannan tsari a kan sanyin dare ya rataya. In gajimare ya lulluɓe sama ya hana zafi fita, dusar ba ta daskarewa, a wayi gari da kunun jiya. In aka jera dare uku a haka, mako ya lalace ko da kaurin dusa ya kai mita biyu. Don haka lambar da ta fi cancantar dubawa a hasashen yanayi ita ce tudun da zafi ke komawa sifili, wanda hukumomin yanayin Faransa da Suwizalan da Ostiriya suke bayarwa kullum. In da dare yana saukowa ƙasa da masaukinka, ka yi sammako. In ya tsaya a mita 3,000 dare da rana, ka nemi littafi. Akwai kuma wata iska mai ɗumi da bushewa, Föhn, da ke gangarowa ta bayan tsaunuka. Mutanen yankin suna kiranta mai cin dusa, don aikin da rana za ta yi a mako, ita a kwana biyu take gamawa.

Sai wani baƙo da mu ba baƙonmu ba ne. A farkon Fabrairun 2021, da kuma tsakiyar Maris ɗin 2022, masu zamiya a tsaunukan Pyrénées da Alps sun tashi sun ga dusa ta rine ta koma ruwan goro, sama ta yi ja. Ƙurar Sahara ce. Tamu ta hunturu, mai toshe hanci da fasa leɓe, yawancinta daga kwarin Bodélé na Cadi take tasowa ta yo kudu da yamma. Wadda ke haurawa Turai kuwa ta fi tashi daga wajen Aljeriya da Maroko, kuma bazara ce kasuwarta. Sabuwar dusa fara tana mayar da kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na hasken rana sama. In ƙura ta kwanta mata, sai ta riƙa shanye zafi kamar baƙar riga. Ko sabuwar dusa ta rufe ƙurar, tana nan a ƙasa tana jira, ranar da narkewa ta iso gare ta sai abin ya ƙara sauri. Masu auna tsohuwar ƙanƙarar dindindin ta tsaunukan Suwizalan sun lissafa ƙurar nan cikin dalilan da suka sa ta yi asarar kashi 6 cikin 100 na girmanta a 2022 kaɗai. A 2023 wasu kashi 4 suka bi baya.

Wannan ƙanƙarar dindindin ita ce a da ake ɗauka a matsayin inshora. A Afrilu har yanzu tana riƙe amana: Hintertux ta Ostiriya, mai kaiwa mita 3,250, takan yi aiki kusan duk shekara, Grande Motte ta Tignes da filayen Sölden su ma ba sa ba da kunya a wannan wata. Amma a ƙarshen Yulin 2022 Zermatt, wadda ta saba buɗewa rani da damina, ta dakatar da zamiya saboda zafi. A farkon watan ne wani ɓangare na ƙanƙarar Marmolada ya ɓalle a Italiya ya kashe mutum 11.

Dusar inji kuma fa? Italiya ta shimfiɗa bututu a kusan kashi 90 cikin 100 na layukanta, Ostiriya kusan kashi 70. Ruwa ne ake fesawa cikin iska mai sanyi, kuma sai zafi ya sauka ƙasa da sifili da digiri biyu ko uku abin yake yiwuwa, don haka a Afrilu injinan galibi a kashe suke. Amfaninsu tun Disamba suka yi shi: dusar inji ta fi ta sama nauyi da cushewa, tana jure rana, ita ce farin layin nan da ke kai mutum har bakin gari. Tana fitar da kai kunya, amma zamiya a kan zirin fari tsakanin ciyawa da taɓo ba ita ce mutum ya biya kuɗin jirgi dominta ba.

Abu biyu ba a wasa da su. Na farko zaftarewar jiƙaƙƙiyar dusa, wadda ta fi aukuwa bayan rana ta take. Turai tana da ma'aunin hatsari daga 1 zuwa 5, ana kafe shi a bakin kowace motar igiya, kuma a bazara yakan tashi daga safe zuwa yamma a yini ɗaya. Layin da aka ja wa igiya an rufe, ba don ado aka rufe shi ba. Na biyu rana. Haskenta mai ƙuna yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin 100 a duk mita 1,000, ga dusa tana dawo da shi daga ƙasa. Baƙar fata ba ta kare ido. Wanda ya yini ba tabarau, da dare zai ji kamar an zuba masa yashi a ciki.

Yaushe za a biya kuɗi?

Bature mazaunin Lyon ko Munich yana da gata: ya jira saura mako guda, ya duba hasashe, ya ɗauki mota. Hasashen da ya wuce kwana bakwai zuwa goma kuwa shaci-faɗi ne, ko wane ne ya yi shi. Namu mutanen da sai sun nemi bizar Shengen, sun nuna takardar masauki da tikitin dawowa tun watanni kafin tafiya, ba su da wannan sarari. Wanda ba zai iya jiran labarin sama ba, sai ya sayi abin da sama ba ta canzawa, wato tudu da fuskar arewa, ko da ya fi tsada. Araha ba ta ado, ɗakin da aka karya wa farashi a mita 1,100 a tsakiyar Afrilu akwai dalili.

In kuma ɗan koyo ne, kamar yadda akasarinmu muke, ƙololuwa ba ta dame shi ba sam. Filin koyo a gindin dutse yake, kusa da gari, inda dusa ta fi saurin lalacewa. Tambayarsa guda ce: filin 'yan koyo a mita nawa yake? A nan Val Thorens da Obergurgl da Cervinia suka yi wa tashoshi masu manyan sunaye fintinkau. Ya kuma tambayi ranar rufewa, ya bar aƙalla mako guda tsakaninsa da ita. Ranar rufewa lissafin kasuwa ce fiye da ta yanayi: kwangilar ma'aikata ta ƙare, baƙi sun ragu, sai a fara kashe motocin igiya ɗaya bayan ɗaya, shaguna suna ja da ƙofa, alhali dutsen yana nan fari.

Ba Alps kaɗai ba ce. Sierra Nevada ta Sifaniya, a saman birnin Granada mai fadar Alhamra, takan kai ƙarshen Afrilu saboda tudunta. Oukaïmeden ta Maroko, kusa da Marrakesh, tana da tudu amma kakarta gajeriya ce, ba ta bazara ba ce. A Amurka, Mammoth ta Kalifoniya ta samu dusa sama da mita 17 a kakar 2023, ba ta rufe ba sai 6 ga Agusta, Arapahoe Basin ta Kolorado kuma ta saba shiga Yuni.

Akwai kuma wadda ta karya dokar tudu gaba ɗaya. Riksgränsen ta arewacin Suwidin, a bakin iyakar Nowe, dutsenta bai kai mita 1,000 ba, amma tana can cikin yankin Aktik, a kan layin dogon da ke kwasar tama daga Kiruna zuwa tashar ruwan Narvik. A tsakiyar hunturu duhu ya yi mata yawa, sai Fabrairu take buɗewa, ta ci gaba har ƙarshen Mayu. A makonnin ƙarshe akan kunna motocin igiya da tsakar dare, mutane suna gangarowa cikin hasken ranar da ta ƙi faɗuwa. Musulmin da ya yi niyyar zuwa can, kafin ya tambayi kaurin dusa, sai ya fara tambayar malaminsa yadda zai yi da magariba.